Mita Uku da Mita Goma: Gwanintar Masu Rataye Hoto a Gaban Direba

Wanda ya zauna a kujerar direba cikin motar Volkswagen ID.4 da aka sa wa majigin gilashin gaba, zai ga abubuwa biyu da babu su a zahiri. Na farko lambar gudun mota ce, tana shawagi ƙasa-ƙasa, kamar mita 3 daga idonsa, gaba kaɗan da hancin motar. Na biyu kibiyoyi ne masu nuna inda zai karya kwana, su kuma suna can nesa, kamar mita 10, a kan titin da yake kallo. In ya fito ya taka zuwa wurin ya miƙa hannu, iska zai kama. Dukkansu daga akwati guda suke fitowa, wanda ke ɓoye cikin dashbod bayan sitiyari, kuma gilashi guda ne ke miƙa su ga ido. Tun wajen ƙarshen 2020 kamfanin ya fara sa wannan na'ura a motocinsa na lantarki. Masu sana'ar suna ce mata HUD, wato abin da direba ke karantawa kansa a ɗage.

Haska rubutu a kan gilashi ba shi da wuya. Duk wanda ya taɓa ajiye farar takarda a kan dashbod da rana tsaka ya san yadda take bayyana a gilashin gaba tana damun ido. Gwanintar tana wajen nisa: a ina ne ido zai yarda cewa hoton yake tsaye? Nisan nan shi ake ƙerawa, shi ake aunawa, shi ake kwana ana lissafi a kansa. Idan kuma aka ce nisa biyu ake so a lokaci guda, aikin ya ninku fiye da sau biyu.

Sai mun fara da ido kafin mu buɗe akwatin, domin idon ake yi wa hidimar. A cikin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai mai laushi, da tsoka zagaye da ita. In mutum ya dubi abu na kusa, tsokar ta matse, ƙwayar ta ƙara kauri. In ya dubi na nesa, ta saki. Likitocin ido suna auna wannan wahala da ma'aunin da ake kira dayofta, lissafinsa kuwa mai sauƙi ne: a raba ɗaya da nisan abu a mita. Agogon gudu da ke dashbod, santimita 70 daga fuska, yana cin dayofta kusan 1.4. Abin da ke mita 2.5 yana cin 0.4, wanda ke mita 10 kuma 0.1 kacal, ido ya kusa hutawa gaba ɗaya ke nan. Kowace sauyawa daga nesa zuwa kusa tana ɗaukar wani yanki na daƙiƙa, ga wanda ya haura shekara arba'in ma ta fi haka nawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Ga kuma aiki na biyu: idanu biyu ne, tsakaninsu kamar milimita 63, dole su karkato juna in za su dubi abu na kusa, su miƙe in za su dubi na nesa. Daga wannan karkatar ƙwaƙwalwa ke gane nisa.

To me ya sa ba za a ajiye komai a nisa guda a huta ba? Saboda saƙonnin iri biyu ne. Lambar gudu da yawan cajin batir na motar ne, suna tafiya tare da ita, ba ruwansu da titi. Kibiya da layin gargaɗi kuwa na titin ne, dole su zauna a kan abin da suke nunawa. A ce an zana layin gargaɗi a ƙarƙashin motar da ke gabanka da mita 30, amma hoton layin a mita 2.5 yake. Ka gusar da kanka gefe da santimita 5 kawai, layin zai zame daga motar da fiye da rabin mita. In hoton a mita 10 yake, zamewar santimita 10 ce. A ɗaya ɓangaren, in aka kai lambar gudu mita 10, sannan ka shiga cunkoson cikin gari inda motar gabanka ke mita 5, idanunka za su ce lambar tana bayan waccan mota alhali suna ganinta a kanta. Ƙwaƙwalwa ba ta son irin wannan gardama, da gajiya da ciwon kai take ramawa.

Dabarar jefa hoto nesa ta girmi motocin nan da yawa. A 1900 Howard Grubb, maƙerin na'urorin hangen taurari a birnin Dabilin na ƙasar Ailan, ya yi rajistar wani ma'aunin saitin bindiga da ke nuna wa mai harbi alama tana shawagi can nesa ta cikin ɗan gilashi. Daga nan ta shiga jiragen yaƙi. Jirgin Buccaneer na Ingila, wanda ya fara tashi a 1958, an yi shi ne don ya riƙa gudu ƙasa-ƙasa dab da ruwan teku, inda sunkuyar da kai na daƙiƙa guda kan iya zama ajali, shi ya sa aka ɗora wa matuƙinsa bayanai a gaban idonsa. Kamfanin General Motors na Amurka ya kawo ta mota a 1988, cikin Oldsmobile Cutlass Supreme. Matuƙin jirgi nisa guda ya ishe shi, domin duk abin da yake kallo mai nisa ne. Direban mota ne duniyarsa ta faro daga hancin mota ta miƙe har ƙarshen gani.

Yanzu mu buɗe akwatin. A can ƙasansa akwai ɗan allo mai haifar da hoto, irin na wayar hannu amma ƙarami, inci biyu ko uku, da fitilu masu ƙarfin gaske a bayansa. Wasu motocin, kamar Mercedes S-Class ta 2020, wani guntun na'ura na kamfanin Texas Instruments suke amfani da shi, mai ɗauke da ƙananan madubai miliyan 1.3, kowanne yana karkata shi kaɗai ya kunna ko ya kashe ɗigo guda na hoto. Haske ya bar allon, ya faɗa kan wani madubi shimfiɗaɗɗe wanda aikinsa naɗe hanya ne kawai, don doguwar tafiya ta shiga ƙaramin wuri. Daga nan ya faɗa kan babban madubi mai kwarmi, wato mai zurfi a tsakiya. Wannan shi ne zuciyar na'urar. Shi ke jefa hasken sama ta wata taga mai lanƙwasasshen murfi, hasken ya bugi gilashin gaba, wani kaso ya dawo zuwa ido.

Madubi shimfiɗaɗɗe ba ya ƙara komai: in kana mita guda a gabansa, hotonka yana mita guda a bayansa. Mai kwarmi dabam yake. Yana da wani wuri a gabansa inda hasken da ya zo daga nesa ke taruwa, mu kira shi matattara. In ka ajiye abu tsakanin madubin da matattararsa, hoton abin zai bayyana a bayan madubin, babba kuma nesa. Gwargwadon yadda abin ya matsa kusa da matattara, gwargwadon yadda hoton ke ƙara tserewa.

Ga lissafin, domin a nan ne duk sana'ar take kwance. A ninka tsawon matattara da nisan allo, a raba da bambancin da ke tsakaninsu. Ɗauki madubin da matattararsa ke santimita 30. Ajiye allo a santimita 27: talatin sau ashirin da bakwai, a raba da uku, hoto ya tsaya a mita 2.7, girmansa ya ninka sau goma. Ja allon baya zuwa santimita 29: hoto ya tafi mita 8.7, girmansa ya ninka sau talatin. Santimita biyu a cikin akwati sun zama mita shida a kan titi. Sannan a duba wannan: in allon ya kauce da milimita guda daga 27, hoton zai gusa da santimita 10; in ya kauce da milimita guda daga 29, hoton zai gusa da kimanin mita guda. Akwatin nan kuwa roba ce da ƙarfe, masu buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, kuma ana bukatar kayan mota irin waɗannan su yi aiki daga digiri 40 ƙasa da daskarewar ruwa zuwa digiri 85 na zafi, a kan titi mai gargada. Mai tsara hoton nesa da milimita da gutsattsarinta yake zaman lafiya ko ya yi rigima.

Daga wannan lissafi hanyar samun nisa biyu ta fito fili: a sa hasken hoto ɗaya ya yi tafiyar santimita 27, na ɗayan ya yi 29. Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce alluna biyu. Haka kamfanin Continental na Jamus ya yi a samfurin da ya nuna a 2014, hoton kusa a mita 2.4, na nesa a mita 7.5, kowanne da nasa allon. Tana aiki, amma tana cin kuɗi, tana cin wuri, tana ƙara zafi. Wuri kuwa a cikin dashbod tsada gare shi, ga sandar sitiyari, ga bututun iska, ga ƙarfen da ke riƙe jikin mota. Na'urar nisa guda ta gargajiya lita uku ko huɗu take ci. Na farkon masu hoton nesa sun kai lita ashirin zuwa talatin.

Sai masu hikima suka ce a raba allo guda gida biyu. Hasken rabin farko ya tafi kai tsaye zuwa babban madubi. Hasken rabi na biyu a tare shi da wani ɗan madubi, a sa shi ya yi zagaye kafin ya iso, tafiyarsa ta ƙaru da 'yan santimita. A 2019 Zong Qin da abokan aikinsa sun wallafa irin wannan tsari a mujallar Applied Optics, allo guda da babban madubi guda, hoto ɗaya a mita 2.5, ɗayan a mita 9. Akwai wata dabarar da ta fi burge ni saboda ba ta da hayaniya: a ɗora dunƙulen gilashi a kan rabin allon. Gilashi na lanƙwasa haske ta yadda abin da ke ƙarƙashinsa zai zama kamar ya taso da kashi ɗaya cikin uku na kaurin gilashin. Dunƙule mai kaurin santimita 6 zai sa madubin ya ga wancan rabin allo kamar ya matso da santimita 2. Babu inji, babu waya, babu abin da ke motsi, amma an sami nisa biyu.

Da a ce gilashin gaba shimfiɗaɗɗe ne, da labarin ya ƙare nan. Sai dai gilashin mota ba don aikin haske aka yi shi ba. An yi shi ne don ya tsaga iska, ya tare ruwa da tsakuwa, ya kuma yi wa mota kyau. Lanƙwasarsa daga hagu zuwa dama dabam, daga sama zuwa ƙasa dabam, saboda haka layukan tsaye na hoto suna son su tsaya a nisa ɗaya, na kwance a wani nisan. Direba kuma ba a tsakiya yake zaune ba, a gefe yake, inda gilashin ya fara karkacewa, sai hoto ya fito a murguɗe, murabba'i ya zama kamar wanda aka ja wa kunne ɗaya. Mai tsara mota ba zai sauya gilashinsa don ran mai haske ya yi daɗi ba. Saboda haka babban madubin ne zai ɗauki nauyin gyara. Ba a yi masa siffar ƙwallo ko wata siffa mai suna a littafin lissafi. Ana sassaƙa shi ne ya karkace daidai kishiyar yadda gilashin ya karkace, kamar yadda gwanin tela ke yanka riga ga mutumin da kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, in ya sa ta sai ta zauna sak. Shi ya sa madubin wata mota ba ya yi wa wata, kuma motar da ke da sitiyari a dama, ta Ingila ko Japan, nata madubin dabam ne.

Yadda ake gano wannan siffa abin tsayawa a kalla ne. Mai tsarawa yana karɓar zanen gilashin daga kamfanin motar, ya shigar da shi cikin manhajar bin sawun haske, irin su Zemax ko CODE V. Sannan ya zana wani ɗan fili a iska inda idanun direba za su iya kasancewa, faɗinsa kamar santimita 13, tsayinsa kamar 5. Akwatin ido ake kiransa. Muddin ido na ciki, dole ya ga hoton cikakke. Daga nan sai ya juya tafiyar haske baya. Ba daga allo yake farawa ba, daga hoton da yake so ya samu yake farawa. Ya zaɓi ɗigo a kusurwar hoton nesa, ya ja zaren haske daga can zuwa ido, ya mayar da shi ta gilashi, ta babban madubi, ta ƙaramin, ya ga inda ya sauka a kan allo. Ya sake ja daga wani gefen ƙwayar ido, ya sake, har su zama ɗaruruwa. In duk sun sauka a wuri guda da bai wuce girman ɗigon allo ba, hoton zai fito tas. In sun watse, zai yi dishi-dishi. Sai ya maimaita wa tsakiyar hoto da gefunansa da kusurwoyinsa, daga tsakiyar akwatin ido da gefunansa da kusurwoyinsa, ga dogon direba, ga gajere, ga matsakaici. Duk wannan na nisa ɗaya ne; sai a sake na ɗayan, kuma madubi guda ne zai gamsar da su duka.

Siffar madubin a rubuce take a jerin lambobi, kwamfuta tana ɗan motsa su tana duba ko watsewar ta ragu. Amma kwamfuta ba ta san abin da ya fi muhimmanci ba sai an gaya mata. Gwani ne ya san cewa ido na yafe ɗan dishi a gefen hoto, amma ba ya yafe idon hagu ya ga ɗigo sama kaɗan da inda idon dama ke ganinsa, domin idanun mutum sun saba karkatowa gefe da gefe, ba su saba ɗaya ya hau ɗaya ya sauka ba. Shi ya san cewa hoton da ya yi kyau daga wuri guda amma yana lanƙwashewa in kai ya motsa zai sa mutum jiri. Shi ya san ya hana kwamfuta ta kai madubi inda bututun iska yake. Mai gaggawa yakan duba tsakiya, ya ga kyau, ya rufe aiki. Mai haƙuri kusurwoyi yake zama a kai, domin direba ba gunki ba ne, yana jingina, yana leƙe, rami na girgiza shi.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan tsohuwa ce. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekarun 1011 zuwa 1021, ya yi doguwar fama da ita: ga abu, ga ido, ga lanƙwasasshen madubi, a wane wuri na madubin ne haske zai buga ya iso ido? Har yau masana lissafi da sunansa suke kiran wannan matsala. Abin da ya warware da zane da haƙuri ga madubi mai siffar ƙwallo, shi kwamfuta ke warwarewa sau miliyoyi ga madubin da ba shi da siffa mai suna.

Gilashin yana da wani halin kuma. Falle biyu ne, kowanne kamar milimita 2, da 'yar shimfiɗar roba a tsakani wadda ke hana shi tarwatsewa in ya fashe. Haske na dawowa daga fuskar ciki, wani kuma ya shige ya dawo daga fuskar waje, ya fito milimita 3 zuwa 4 daga ɗan'uwansa. Ido sai ya ga hoto biyu, na ainihi da inuwarsa a samansa. Maganin da aka samo shi ne a yi robar tsakiyar da siffar weji, siririya a ƙasa, tana ƙara kauri zuwa sama, ƙarin da bai wuce kamar rabin milimita a kowace mita ba. Wannan 'yar karkata ta isa ta juyo haske na biyu ya hau kan na farko. Sai dai wejin da ya dace ya danganta da nisan hoto. Ratar milimita 3 ko 4 babba ce in daga mita 2.5 ake kallonta, ƙarama ce daga mita 10. Wejin da ya haɗe hoton kusa zai wuce gona da iri a hoton nesa, ya sake raba shi ta ɗaya gefen. Abin da ya taimaka shi ne hotunan biyu ba wuri guda suke bugun gilashi ba, na kusa yana ƙasa, na nesa yana sama, don haka ana iya yin wejin da karkatarsa ke sauyawa daga ƙasa zuwa sama.

Wata hanyar ta bi ta halin haske kansa. Haske kaɗawa yake yi yana tafiya, wani a kwance, wani a tsaye. A kusurwar da hasken na'urar ke bugun gilashi, kusa da digiri 56 da David Brewster na Sikotilan ya bayyana a 1815, gilashi na mayar da mai kaɗawa a kwance, amma kusan ba ya mayar da mai kaɗawa a tsaye. Shi ya sa yawancin na'urorin nan da na kwance suke aiki, shi ya sa kuma wanda ya sa tabaran rana mai tace ƙyalli yakan nemi hoton ya rasa, domin hasken kwance tabaran ke tarewa. Wasu masu ƙera gilashi sun juya lamarin: su aika haske mai kaɗawa a tsaye, wanda fuskokin gilashi biyu ba sa mayarwa, sannan su sa wata siririyar shimfiɗa guda a jikin gilashin wadda ita kaɗai za ta mayar da shi. Fuska guda ke mayarwa, hoto guda ke fitowa, ko a wane nisa.

Sai rana. Allon yana barin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hasken fitilunsa ya wuce, gilashi kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar yake mayarwa, amma duk da haka hoton sai ya fi farin titi haske da tsakar rana, da dare kuma ya dushe har ba zai kashe ido ba. Wannan wahala ɗaya ke nan. Ta biyu ta fi haɗari. Hanyar da haske ke bi ya fita, ita rana ke bi ta shigo. Babban madubin da ke faɗaɗa hoto, shi ne ke tattara hasken rana, kuma mun riga mun ga cewa allon hoton nesa dab da matattara yake zaune. Zafin na iya taruwa a ɗan wuri ya ƙona allon. Don haka ake shafa wa ƙaramin madubi wani rufi da ke mayar da hasken gani ya bar na zafi ya wuce ta bayansa, a ɗan karkatar da allon, a sa ma'aunin zafi da zai rage fitilu, kuma in an kashe mota wani ɗan inji ya juya babban madubin ya kau da fuska daga sama. Shi ne kuma ke ɗaga hoton ko ya sauke shi daidai tsayin direba.

In lissafi ya kammala, sai a koma ga hannu da ƙarfe. Ana sassaƙa mazubin madubin da bakin daimon a kan injin da ke tafiya da ƙanƙantar da ta fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, a zuba narkakkiyar roba, a bar ta ta huce a hankali don kada ta murɗe, sannan a rufe fuskar da siririn alminiyom. A ƙarshen layin haɗa mota, ana ajiye kyamara inda idon direba zai kasance, na'urar ta haska zanen raga, a auna inda kowane layi ya kauce, a rubuta gyaran a ƙwaƙwalwar motar. Daga ranar allon zai riƙa zana hotonsa a ɗan karkace da gangan, domin ya iso ido a miƙe.

Masu bincike ba su tsaya a nisa biyu ba. Wasu suna kwantar da allon a karkace, gefe ɗaya kusa da madubi, ɗayan kusa da matattara, sai hoton ya kwanta a kan titi yana miƙewa daga kusa zuwa nesa. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi rajistarta a 1904 don aikin ɗaukar hoto daga sama. Wasu suna gwada fallen gilashi biyu masu zamewa a kan juna su sauya ƙarfin tattara haske, dabarar Luis Alvarez na Amurka tun shekarun 1960. Wasu kuma, kamar kamfanin Envisics da ke Milton Keynes a Ingila, sun bi hanyar hologiram, wadda Dennis Gabor ya ƙirƙiro ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1971: hasken leza ya faɗa kan allon da ke jinkirta kowane ɗigo nasa gwargwadon lissafi, hasken ya haɗu da kansa ya gina hoto a nisan da aka nema. Kowace na da farashinta, ko motsi mai lalacewa, ko lissafi mai nauyi, ko ɗan ƙyalƙyalin yashi da leza ke bari a hoto. A ganina nisa biyu da aka yi da kyau sun biya mafi yawan bukatar direba, domin bayan mita 10 ido da kansa ba ya damuwa sosai da bambanci.

A kasuwa akwai 'yan na'urori masu araha da ake dasawa a kan dashbod, da manhajojin waya masu juya rubutu baibai don ya bayyana a gilashi. Su ma HUD ake rubuta musu a kwali. Yawancinsu babu madubi mai kwarmi a ciki, saboda haka in wayar tana santimita 15 daga gilashi, hoton yana santimita 15 a bayan gilashin. Ido zai bar titi ya dawo kusa kamar yadda zai yi wa agogon dashbod, ga kuma inuwa ta biyu a kan kowace lamba. An kwaikwayi kamannin abin, an tsallake wahalar da ta ba shi amfani.

Motoci masu wannan na'ura ta ainihi, masu nisa guda da masu biyu, suna ƙara shigowa ƙasashenmu cikin na hannu, gilashin gaba kuwa ba ya daɗewa a titunanmu bai gamu da tsakuwa ba. Mai karatu, in kana da irin wannan mota gilashinka ya fashe, ka gaya wa mai gilashi tun kafin ya ɗauko cewa na HUD kake so, na wannan samfurin motar, ka duba lambar da ke kusurwar tsohon ka gwada da ta sabon. In ya ɗaura, kada ka biya sai ka zauna a kujerarka, ka kunna, ka ga lambar gudu ta fito guda ɗaya tas ba tare da inuwa ba.